Bindiga a Ƙarƙashin Jallabiya

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis a unguwar Utaibiyya ba, kuma ba wai ban yi ƙoƙarin mantawar ba ne. Na yi. Sai dai duk sanda na fara samun sauƙi sai wani ya tuna mini, yawanci a gaban baƙi.

A lokacin ina ɗalibin fiƙihu a Makka, muna hayar ɗaki ɗaya a Hindawiyya ni da abokina Sadisu, wani Basakkwace mai gardamar tsiya. Karatuna lafiya lau, ba yabon kai ba. Amma ina da wani ciwo a gefe: ni masanin ƙananan bindigogi ne. (Kafin ka tambaya, a'a, ban taɓa riƙe bindiga ba. Iyakar kusancina da ita shi ne ranar da wani ɗan sanda ya zauna kusa da ni a mota daga Funtuwa zuwa Zariya.) Ilimin nawa kaf daga waya na kwaso shi.

Abin ya faro ne shekarar da ɓarayin daji suka matsa wa garinmu lamba. Mahaifiyata tana can, ni ina nan, babu abin da zan iya sai addu'a da kiran waya. Na fara binciken yadda mutum zai kare gidansa, daga nan sai na zurma cikin bidiyon wasu Turawa masu gemu da tumbi, waɗanda ba su da aiki sai bayanin wace bindiga ta fi daɗin ɓoyewa a ƙugu. Kafin a ce kwabo na haddace su kamar karatun allo. Na san libarba mai juya harsashi, na san fistol siririya da ba ta nuna kanta a riga. Na san kube na fata da na roba, da wanda ake sawa a bayan ƙugu da wanda ake sawa a gaba, daidai cibiya.

Amma inda na fi ƙwarewa shi ne batun kunamar bindiga, wato ɗan ƙarfen nan da ake ja da yatsa. Idan na fara wannan karatu Sadisu har shayinsa yake mantawa da shi, ba don daɗin bayanin ba, don neman inda zai kama ni. Nakan ce masa akwai mai tauri, wadda sai ka ja ta da nisa da ƙarfi kafin ta tashi, domin jan naka shi ne ke ɗana ta kuma ya sake ta. Akwai mai laushi, wadda an riga an ɗana ta, da ka ɗan taɓa shi ke nan. Akwai kuma munafuka, harbin farko da tauri, na bayansa da laushi. Ni ɗan mazhabar mai laushi ne, kuma ba na jin kunyar faɗa.

"Ni dai na hwaɗa maka," in ji Sadisu, "abin da za a aje kusa ga cibiya, gara mai tauri. Kowa na kuskure."

"Kuskure na marasa horo ne," na ce. "Makullin bindiga yatsanka ne. In ba ka sa yatsa ba, ba za ta tashi ba har abada."

"To malam mai horo, ina ka yi horon ga?"

Wannan tambaya ta ƙona mini rai. Washegari da na dawo daga karatu na biya wani shagon kayan wasan yara na sayo bindigogin ruwa guda biyu. (Na ce wa mai shagon na ƙannena ne. Ƙannena suna Katsina, ƙaraminsu yana da gemu.) Ɗaya ta famfo ce, sai ka matsa da ƙarfi ta tsartar da ɗan ruwa. Ɗayar kuwa baƙa ce mai batir, girman tafin hannu da yatsu, da ka shafa kunamarta sai ta dinga feshi ba tsayawa har sai ka ɗage yatsa. Ga mazhaba biyu a gabanmu, a aikace. Na shiga atisaye a ɗaki, daga ni sai singileti da wando, ina soke ta a zariya ina zarowa a gaban madubi. Ba ƙarya, na iya. Har wani ɗan juyi nake yi da kafaɗa.

Sadisu ya gaji da kallona ya ce in na cika gwani in cika mai batir ɗin da ruwa, in soke ta a gaba, in yi wuni guda cur da ita a gari. In babu wanda ya gane, kuma ba ta tashi ba, zai yarda da mazhabata a gaban duk ɗaliban layinmu. Na ce an gama. Ranar Alhamis da safe na cika ta, na soke ta a zariyar farin wandona daidai cibiya, na zura farar jallabiyata sabuwar guga a kai. Na dubi madubi, ko alama babu. Na fita ina taku ɗaiɗai.

To, a nan sai na gaya maka wani abu. A wannan lokacin akwai maganar aurena a ƙasa. Ina da kawu a Makka, Kawu Isiyaku, ƙanin mahaifiyata, ya daɗe a garin yana ɗaukar fasinja da motarsa. Matarsa ce ta yi mini sha'awar wata yarinya, Sumayya, 'yar wani dattijo mai sayar da turare da ake kira Ammu Bakur. Bahaushe ne, amma a Makka aka haife shi, kakansa ne ya zo hajji da ƙafa bai koma ba. Sau ɗaya na ga Sumayya a gidan Kawu, ta gaishe ni da wata Hausa mai ƙanshin Larabci, ta tambaye ni ko gaske ne a Katsina ana shan fura da safe. Daga ranar na kamu, kamun da ba na wasa ba. Matsalar ita ce Ammu Bakur ba ya son ba ɗalibi 'yarsa. Ya ce ɗalibai sai su gama karatu su kwashe 'ya'yan mutane su tafi. Kawu ya daɗe yana lallashinsa ya yarda ko ganina ne ya yi.

Na wuni lafiya. Na je karatu, na ci abinci a tsaye, na yi sallolina a can ƙarshen sahu ina sujada a hankali kamar mai ciwon baya. (Allah Ya yafe mini, rabin hankalina yana kan zariya.) Bayan la'asar ina tafe a bakin titi zan koma ɗaki in karɓi nasarata, sai na ji hon a bayana. Kawu ne.

"Yalla, shigo! Tun ɗazu nake kiranka. Ammu Bakur ya ce in kawo ka yanzu, gobe zai tafi Madina."

"Kawu, bari in je ɗaki in sake kaya."

"Wane kaya? Ga ka fes kamar ango. Mutumin da na sha wuya kafin ya ce to, shi za mu bari yana jira? Shigo, ya walad, kai yaro."

Na shiga. Na ce a raina ba komai, sai in zare ta a hankali in tura ƙarƙashin kujera. Na kai hannu ciki. A nan ne, a cikin motar Kawu, a tsakiyar cunkoson Hindawiyya, na gano abin da Turawan nan ba su taɓa faɗa ba. Su riga da wando suke sawa, da sun ɗage gefen riga sai bindiga. Ni jallabiya ce a jikina har idon sawu, aljihunanta a ɗinke. Babu hanyar da hannuna zai kai ga zariya sai na naɗe rigar nan tun daga ƙasa har cibiya. Duk atisayen da na yi, ban taɓa yinsa da jallabiya ba ko sau ɗaya.

Na fara tattare ta a hankali daga gwiwa. Kawu ya waigo.

"Lafiya kake ɗage riga?"

"Zafi, Kawu."

Ya ƙara sanyin mota. Na sake rigar.

Gidan Ammu Bakur yana Utaibiyya, cikin wani lungu da mota ba ta shiga, muka ƙarasa da ƙafa. Babban ɗansa Faisal, wani ƙato mai fara'a da ba ya jin Hausa sosai, shi ya shigar da mu ɗakin baƙi. Zaman ƙasa ne, katifu da matasai a jikin bango, ga wata tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki a taga tana ruri kamar injin niƙa. Dattijon yana zaune a ƙurya da tabarau da farin gemu, turaren wuta yana tashi a gefensa.

Da a ce hannu na ba shi a tsaye irin na mutanen garin, da yau ba ni da labarin ba ka. Amma ni ɗan Katsina ne, kuma na zo neman aure. Na ce bari in nuna masa tarbiyyar gida, irin wadda ya daɗe bai gani ba. Na zube a gabansa, na durƙusa har ƙasa, na sunkuyar da kai.

Ƙullin zariya ya shiga inda yatsa ya kamata ya shiga.

Na ji wani ɗan kaɗawa a marata, sai sanyi. Ba ɗigo ba, feshi, mai ɗorewa, irin wanda na sha yabo a gaban Sadisu. Rurin na'urar ya rufe ƙarar batir ɗin, babu wanda ya ji komai sai ni. Kuma ba zan iya miƙewa ba, domin dattijon ya kama hannuna da hannu biyu yana jero gaisuwa: ya karatu, ya mutanen Nijeriya, ya Hajiya, an yi ruwa a can kuwa? Na ce an yi, Baba, an yi sosai.

Da ya sake ni na ja da baya a tsugune na zauna kusa da Kawu. Na saci kallon ƙasa. Jama'a, farin yadi ba ya rufa wa kowa asiri. Taswira ce shimfiɗe daga cibiya har gwiwar hagu. Na yi maza na jawo matashi na ɗora a cinya, na ɗora hannuwa a kai kamar wanda natsuwa ta yi wa yawa. Faisal ya zuba gahawa, na karɓa da hannu ɗaya. Aka taɓa hira, aka tambaye ni dangi da asali. Babu wanda ya nuna ya ga wani abu. Har na fara gaya wa kaina cewa ai wannan ma wani nau'in ɓoyewa ne, kuma ina cin nasara.

Can sai Ammu Bakur ya gyara zama, ya dubi silin, ya ce cikin murya mai taushi, "Ya waladi, tunda Allah Ya kawo mana malami, ina da mas'ala. Mutum ne yake da wata lalura a jikinsa, irin wadda ba laifinsa ba ce, jarrabawa ce daga Allah. Sai ya je neman aure. Wajibi ne ya faɗa wa mutanen yarinya, ko ya yi shiru?"

Wayyo ni. Ka san ɗalibi da mas'ala. Na ji daɗi har cikin raina, na ce ga damar nuna ilimi ta zo. Na gyara murya na shiga bayani: aibobin da ake mayar da aure saboda su, waɗanda suka shafi namiji, waɗanda suka shafi mace, inda malamai suka yi saɓani. Na ce ɓoye irin wannan ha'inci ne, kuma mumini ba ya ha'inci. Har misali na kawo da kaina, na ce kamar mai yoyon fitsari.

Dattijon ya gyaɗa kai a hankali cikin tausayi.

"Sah, haka ne," ya ce. "To ma'alesh, ɗana, kada ka ji kunya. Akwai likita a nan kusa, mutumin kirki, ya yi wa wani aminina aiki ya warke sarai. Ka fara zuwa mustashfa, wato asibiti, tukuna. Maganar aure ba gaggawa."

Kawu ya sunkuyo ta gefen kunnena. "Kai, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba? Tun yaushe? Uwarka ta sani?"

A nan na gane kowa ya gani, tun kafin in jawo matashin. Na kuma gane ma'anar "ba gaggawa" a bakin dattijon da dama can ba ya so. Ƙofa ce ake rufewa cikin mutunci. Gaba kura, baya sayaki: ko in tashi a matsayin mai yoyon fitsari in rasa Sumayya da mutuncina a rufe, ko in faɗi gaskiya in zama ƙaton ɗalibin fiƙihu da ya zo gaishe da suruki da bindigar wasan yara a wando. Wallahi na ɗan yi tunani. Ciwon ya fi kama da abin da za a yafe wa mutum. Amma yanzu na gama cewa da bakina ɓoyewa ha'inci ne, kuma tsoron rasa yarinyar nan ya fi kunyar ƙarfi.

"Baba, ba fitsari ba ne," na ce. "Ruwa ne."

"Na'am, ɗana. Duk ruwa ne."

"A'a, Baba, ruwan famfo. Bindiga ce."

Faisal ya tsaya da butar gahawa a sama. Kawu ya matsa gefe. Na ga magana ba za ta fisshe ni ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na miƙe, na juya musu baya na fuskanci bango, na naɗe jallabiyar nan har ƙirji na danne ta da haɓa. Na kai hannu in yi zarowar nan tawa ta gaban madubi. Ta ƙi fita, zariyar da ta jiƙe ta riƙe ta gam. Na ja, wando ya biyo. Na riƙe wando da hannun hagu na fizga da na dama, ta fito fit, ƙarfin fizgar ya juyo da ni gaba ɗaya.

Kawu yana ganin baƙin abu a hannuna ya yi salati ya kwanta a bayan matashi. Ni kuwa, malamin "makullin bindiga yatsanka ne", ina yatsan nawa yake? A kan kunama. Ragowar ruwan ya tashi ya ratsa ɗakin, ya sauka a tabarau ɗin Ammu Bakur, ya gangara cikin gemu.

Na tsaya a wurin, haɓa riƙe da riga, hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya riƙe da makami. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

"Esh hada?" in ji Faisal da Larabci, a hankali, wato mene ne wannan.

Dattijon ya cire tabarau, ya goge da gefen mayafinsa, ya mayar. Ya miƙo hannu, na ba shi bindigar. Ya jujjuya ta.

"Sauke rigarka ka zauna," ya ce. "Garin da ko tsuntsu ba a razana shi, kai ka shigo mini gida da bindiga. Me ya kai ka?"

Ban ga amfanin wani kwane-kwane ba kuma. Na gaya masa komai: garinmu, mahaifiyata, yadda nake kasa barci in na kira ba ta ɗauka ba, bidiyoyin Turawa, gardamata da Sadisu, har mai tauri da mai laushi. Ya saurara har na gama, ya yi wa garinmu addu'a, muka shafa. Sai na ga gemun nan da ya jiƙe ya fara rawa.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Isiyaku, ɗanka daga cibiya zuwa ƙasa lafiyarsa ƙalau. Saura mu bincika daga wuya zuwa sama."

Faisal ya nemi a fassara masa, aka fassara, ya ajiye buta ya kwanta yana dukan katifa. Daga bayan ƙofar cikin gida kuma na jiyo dariyar mata, ba ta mutum ɗaya ba. Aka ba ni aron jallabiyar Faisal, wadda za ta ɗauki irina biyu, na fito ina jan ta a ƙasa. Dattijon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce zai tambayi mai abin. Bindigar kuma ya riƙe.

Muka shiga mota, Kawu ya ja har muka kusa gida. Sannan ya ce, "Shekara nawa ina gina mutunci a garin nan, ka sa na kwanta a bayan matashi." Na ba shi haƙuri. Sadisu kuwa da ya gan ni cikin rigar aro, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ta tashi ko?" Ban ci abinci ba ranar. Na riga na sallama, na fara tsara yadda zan gaya wa mahaifiyata cewa Allah bai yi ba.

Bayan dattijon ya dawo daga Madina, matar Kawu ta kira ni. Da ƙyar take magana saboda dariya. Ta ce an tambayi Sumayya, kuma duk abin da ya faru a kunnenta ya faru, tana bayan ƙofa. Uban ya ce mata ta yi tunani da kyau, yaron nan da alama akwai saura. Ita kuwa ta ce ta amince.

"Ta amince? Da me ta gani?" na tambaya.

"Ta ce mutumin da ya kasa ɓoye bindigar roba na wuni ɗaya, ba abin da zai iya ɓoye mata har abada. Ta ce irinsa take so."

Haka aka yi, kuma ta yi gaskiya, har yau ko tsire na ci a hanya sai ta gane. Na bar kallon bidiyon Turawa, na kuma tsaya a gaban ɗaliban layinmu na janye fatawata, na ce mai tauri ta fi, musamman ga mai yawan ladabi. In kuwa akwai wanda zai ɗauki shawara daga irina, to ga ta: kada ka zama malami a kan abin da ba ka taɓa riƙewa ba, kuma duk abin da za ka ɓoye a ƙarƙashin riga, ka fara gwada durƙuso da shi kafin ka fita daga gida.